Takardar Alfarmar da Na Buga wa 'Yar Filifin

Edita, ina yi miki sallama, ke da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuto, kuma don Allah a sakaya sunana, domin mu Hausawan Greensboro ba mu kai yawan da mutum zai ɓuya a cikinmu ba. Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, da 'ya'ya uku, kuma ina ji da kaina ƙwarai a harkar takarda. Kafin mu zo Amurka na yi shekara goma sha ɗaya ina sakatariyar wani babban jami'i a wata ma'aikata a gida Najeriya. A ofishin nan kusan kullum sai wani ya zo neman alfarma: mai neman gurbin karatu wa ɗansa, mai son a fasa yi masa canjin wurin aiki, mai neman gado a asibiti. Oga sai ya leƙo ya ce in buga wa mutumin 'yar takarda. Idan ya yi tafiya ni nake bugawa, in sa hannu a madadinsa, in danna hatimi, in ya dawo in faɗa masa ya ce na kyauta. Ko da mun kira ma'aikacin wucin gadi cikakken ma'aikaci a takardar, babu wanda yake kiran wannan ƙarya. Rufin asiri muke ce masa, kuma muna sa ran lada.

A nan muna zaune a wani gidan haya kusa da Gate City Boulevard, mai gidana yana aiki a wurin sayar da motoci a kan titin. Ni kuma na samu aiki da wani kamfani da ke shirya wa asibitoci ranakun ganin likita da takardun inshorar marasa lafiya. Daga gida nake yi, a gefen teburin cin abinci. Bayan 'yan shekaru aka ba ni shugabancin mutum takwas, biyar a Amurka, uku a ƙasar Filifin. A cikin ukun nan akwai wata baiwar Allah da ta fi kowa iya aiki. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba sai ta kwamfuta, amma ita ta koya mini rabin abin da na sani, ba tare da ta taɓa nuna wa kowa cewa shugabarta ba ta iya ba. Mama take ce mini. Tana da 'ya guda da tsohuwar mahaifiya, kuma da wannan aikin kaɗai take ciyar da su.

Wata rana bayan mun gama taro ta tsaya ta ce tana da magana. Yayarta tana aikin kula da tsofaffi a wata ƙasa a kudancin Turai, ita ma tana son ta koma can da 'yarta, kuma ta samu hanya: wata biza da ake kira dijital nomad. Na ce ta aiki ce? Ta ce a'a. Ta ziyara? A'a. Ta karatu? Ita ma a'a. Ta ce za ka zauna a ƙasarsu ne, amma ba za ka yi musu aiki ba, za ka ci gaba da yi wa kamfanin wata ƙasar aiki ta intanet, albashinka yana zuwa daga waje. Sau uku ta maimaita mini, ina gyaɗa kai, amma gaskiya kaina a ɗaure yake. Da na ba mai gidana labari ya yi dariya ya ce ai nomad makiyayi ke nan, ashe kwamfuta ma ta samu makiyayanta. Abin da na riƙe kawai shi ne jerin takardun da ta karanto mini: shaidar 'yan sanda cewa ba ta da laifi, inshorar lafiya, bayanin banki, sai kuma wasiƙa daga kamfani mai cewa ita ma'aikaciyarsu ce kuma sun yarda ta yi aiki daga can. Duk ta haɗa sauran. An riga an ba ta ranar zuwa ofishin jakadanci, shaidar 'yan sandan kuma tana da wa'adin da za ta daina aiki. Wasiƙar ce kaɗai ta rage.

Ta ce ta rubuta wa sashen kula da ma'aikata, wanda muke kira HR, har sau biyu, su kuma suka amsa mata cewa ta tuntuɓi waɗanda suka ɗauke ta aiki. A nan ne ya kamata in tsaya in tambayi ma'anar wannan amsa. Ban tambaya ba. Raina ne ya ɓaci, domin a ganina na san irin wannan sarai, yawo da hankali ne irin na ofis, je ki ki dawo. Yarinya ta shekara uku tana yi muku bauta, sannan ku ce ta je ta nemi waɗanda suka ɗauke ta? To su wa take yi wa aikin, aljanu? Ita dai abin da ta roƙe ni shi ne in tuna musu, in sa baki. Ni ce da karambanina na ce ta bar mini komai a hannuna.

Ina da wata tsohuwar wasiƙa da kamfani ya aiko mini lokacin da aka yi mini ƙarin girma, mai ɗauke da tambarinsu da adireshi da lambar waya a sama. Na goge abin da ke ciki na bar kan takardar, na zauna na tsara wasiƙa wadda ko ogana na da ya gani sai ya yaba. Na ce ita cikakkiyar ma'aikaciyarmu ce shekara uku, mai gaskiya da riƙon amana, kuma kamfani ba shi da wata matsala ta yi aiki daga duk inda ta ga dama. Na sa sunana da muƙamina a ƙasa. Mai gidana ya wuce ta bayana ya leƙa, ya ce in yi a hankali, ƙasar nan ba kamar gida ba ce. Na ce masa ya tsaya a kan motocinsa, takarda fannina ce.

A jerin nata an ce dole notari, wato wanda hukuma ta ba izinin buga hatimi a takardu, ya buga wa wasiƙar hatimi. Washegari na tafi cikin gari, wani ɗan shago a wajen Elm Street da ake buga takardu da aika saƙo. Matar da ke aikin notari a wurin ta karɓi lasisin tuƙina ta duba fuskata, ta ce in sa hannu a gabanta, ta danna hatiminta, shi ke nan. Na tura mata takardar na ce ba za ta karanta ba? Ta ce wannan ba aikinta ba ne. Na fito ina mamakin yadda mutanen nan suka yarda da mutane. A tunanina tun da hatimin hukuma ya hau, to hukuma ta amince da abin da ke ciki, ko da wani zai yi magana daga baya hatimi ya riga ya wanke ni. Na aika wa 'yar Filifin ɗin wasiƙar ta masu kai saƙon gaggawa, ina jin daɗi kamar wadda ta aurar da 'ya.

Da takardar ta isa ta kira ni tana ta godiya, sannan ta tambaye ni ko HR sun gani. Na ce an gama komai, kada ta damu. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, a hankali, kamar mai jin nauyi, ko dai sun sani. Na ce sun sani. Wallahi a lokacin ban ji a jikina cewa ƙarya na yi ba. Niyyata idan biza ta fito in je in faɗa musu, su ɗan yi ƙorafi, a ƙarshe su ce na kyauta, yadda aka saba.

Bayan kamar wata guda, da hantsi ina tsakiyar aiki, sai ga kiran taro na gaggawa. Na shiga na tarar da mutum uku a allon: manajana, wata mata daga HR, da wani mutum da aka ce lauyan kamfani ne. Ba a yi doguwar gaisuwa ba sai ga wasiƙata ta cika allon. Ashe daga ofishin jakadancin aka buga lambar da ke kan takardar don a tabbatar, HR suka duba suka ce ba su da ma'aikaciya mai wannan suna. Suka tambaye ni wa ya ba ni izini. Ni kuma na tambaye su, in ba ma'aikaciyarmu ba ce, wa take yi wa aiki duk shekarun nan, tun da ni nake ba ta aiki kowace safiya. Matar ta bayyana mini cewa kamfaninmu kwantiragi ya yi da wani kamfani a Filifin, shi yake kawo mana mutane, shi yake biyansu, kuma shi ma a wurinsa 'yar kwantiragi ce. Lauyan ya ƙara da cewa bayanan marasa lafiya ba a buɗe su sai daga wuraren da aka amince, in ta buɗe su daga Turai wasu dokoki ne daban za su hau kanmu. Ina sauraro kamar ana yi mini magana daga cikin rijiya. Shekara uku muna aiki tare, ban san cewa ni da ita ba wuri ɗaya muke aiki ba.

Da na ga ba ni da mafita na jawo makamina na ƙarshe, na ce ai notari ya buga hatimi. Lauyan ya ce hatimin abu ɗaya kawai yake tabbatarwa, cewa ni ce na sa hannu ba wani ba. Wato ni da ƙafata na je cikin gari na samo shaidar da za a kama ni da ita. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba.

Ni an ba ni takardar gargaɗi, aka cire ni daga shugabanci, aka sa ni wani kwas. Ita kuwa a ranar aka rufe mata hanyar shiga aiki. An hana ta biza, kuma an rubuta cewa ta gabatar da takardar da ba ta gaskiya ba. Kafin mako ya ƙare kamfanin Filifin ya soke kwantiraginta. Na rubuta wa kowa cewa laifina ne, ba ta san komai ba. Kamfaninmu ya ce ba shi ya kore ta ba, hanyar shiga kawai ya rufe, kuma ba zai iya mayar da wadda bai taɓa ɗauka ba. Na Filifin ya ce shi ma ba korarta ya yi ba, wanda take yi wa aiki ne ya daina buƙatarta. Ofishin jakadanci ya ce ba ya magana sai da mai neman bizar. Na je wurin wani lauya kusa da kotu, ya saurare ni da kyau, ya ce in gode Allah da abin ya tsaya nan a kaina. Har yau da nake rubuta wannan, in aka ce in nuna wanda ya kore ta, ban san wa zan nuna ba.

Sai bayan mako biyu ta ɗauki wayata. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta daina ce mini Mama ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Tambaya ɗaya ta yi mini: ranar da ta tambaye ni ko HR sun sani, sun sani ɗin? Na ce a'a. Sannan ta ce da na faɗa mata gaskiya a ranar, da ta ɗaga ranar zuwanta ofishin jakadanci ta bi ta kamfaninsu, ko an samu ko ba a samu ba aikinta yana nan. Don in samu abin da zan riƙe, na ce tun da yanzu neman wani aikin take yi, zan rubuta mata takardar shaida mai kyau ta kai. Ta ce don Allah, Mama, kada in ƙara rubuta komai da sunanta. Daga nan ba mu sake magana ba.

Abin da na koya bai zo mini da sauƙi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na fahimci tsarin nan duka ba. Amma na gane cewa tausayin da na ji na gaske ne, sai dai girman kaina ya fi shi yawa. Na fi son a ce ni ce na yi, a kan in ce ban sani ba, bari in tambaya. Don haka 'yan uwana da muke zaune a ƙasashen mutane, musamman mu da muka taso a ofisoshin gida inda 'yar takarda take buɗe ƙofa, ina roƙonku ku kiyaye. Kada ku sa hannu a kan tambarin kamfani sai an ba ku izini a rubuce. Idan aka ba ku amsar da ba ku gane ba, ku tambayi ma'anarta kafin ku yi fushi. Idan kuma wanda ya dogara da ku ya tambaye ku ko an yi abu, ku faɗa masa gaskiya ko da za ta rage muku daraja, domin a kan amsarku zai ɗora rayuwarsa. Ni da na yi laifin ina nan da aikina, albashina yana shigowa, 'ya'yana suna cin abinci. Ita da ta tambaye ni har sau biyu, ban san da me take ciyar da 'yarta ba yau.