Shafin Da Ka Ƙi Rubutawa

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaka da ɗaure tsirkiyar gogena 'yarka ta bugo mini waya, ta ce Malam ya cika. Saura kwana tara a gabatar da babban kiɗan da ka shekara shida kana tsarawa. Na yi salati, na yi kuka. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, Malam, kafin hawayen su bushe haushi ya taso mini, domin na san shafin ƙarshe babu komai a kansa.

Halinka ke nan tun ina ɗalibinka, shekara talatin da ɗoriya. Za ka zauna a ɗakin nan mai fiyano da ya cinye rabin fili, ka rubuta wa kowane makaɗi rabonsa da fensir, ka goge, ka sake, har takarda ta huje. Amma ƙarshen kiɗa ba ka taɓa rubuta shi ba. Sai ranar gwajin ƙarshe ka rera mana da baki. Sau nawa na roƙe ka? Na ce rai baƙon duniya ne, ka rubuta ka ajiye. Sai ka yi dariya ka ce, "Mai Goge, tela ba ya yanke ƙafar wando sai mai shi ya tsaya a gabansa."

Ka sha wahalar mutane. Mu 'yan takarda, da muka yi makaranta muke kiɗa da rubutu a gabanmu, muna cewa ka zubar da girmanka wurin tsara waƙoƙin da direbobi ke ƙure wa murya. Su kuma 'yan kunne, masu kiɗan biki da rediyo, suna cewa boko ya yi maka yawa. Jemage suka mai da kai, kai ba tsuntsu ba, kai ba dabba ba. Amma kowa na ci daga hannunka. Gogen da nake riƙe da shi kai ka ba ni, ranar da nawa ya tsage ana gobe jarrabawa, ka ce aro ne, har yau ba ka tambaya ba. Mawaƙiyar nan da muryarta ta dushe, wata uku kana sauke mata waƙoƙinta zuwa inda maƙogwaronta zai kai, don kada a sallame ta daga aiki. Ba ka gaya wa kowa ba, ita ta faɗa jiya tana kuka.

Burinka ɗaya ne, ka ga ɓangarorin nan biyu a dandamali guda. Ni ne kuwa na fara ɓata maka shi. Shekara goma sha biyu da suka wuce, a wurin gwaji, Mai Jita, shugaban 'yan kunne, ya shigo cikin kiɗan kafin lokacinsa. Na ajiye goge a gaban jama'a na ce wanda bai iya karatun kiɗa ba aku ne, ba makaɗi ba. Ya saɓa jitarsa ya fita. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Ko wannan kiɗan naka, mu Litinin muke gwaji, su Alhamis, kai kana kai-da-kawo tsakani da ciwon ƙirji.

Mako guda kafin rasuwarka ka kira ni ɗakinka. Ka rera mini wani ɗan sauti, ka sa na maimaita har ya zauna. Abin duk giɓi ne: a yi kiɗa kaɗan, a yi shiru, a sake, a yi shiru. Na ce, "Malam, wannan ai rabin zance ne." Ka ce, "Riƙe dai." Na fita ina gunaguni, ina cewa tsufa ya fara taɓa ka.

Da na je gaisuwa, na juye takardunka kaf, har ƙarƙashin murfin fiyano. Shafi saba'in da ɗaya cif, na saba'in da biyu fari fat, sai lamba a samansa. Masu zauren taron da za a yi kiɗan suna ta waya, a soke ko a bari? Matarka, wadda duk muke kira Inna, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona.

Ta ce, "Ɗana, bar wahalar da kanka. Washegarin zuwanka Mai Jita ya zo. Kan kujerar nan ya zauna, shi ma yana ta maimaita wani abu mai giɓi-giɓi, ya fita yana mita kamar kai."

Sai na zauna a ƙasa. Wato inda na yi shiru nan yake amsawa, inda ya yi shiru nan nake shiga. Ka raba ƙarshen kiɗan gida biyu, ka zuba rabi a kaina, rabi a kansa, ka tafi abinka. Haba Malam! Wannan wace irin wasiyya ce? Shekara goma sha biyu kana lallashina ina ƙi, shi ne ka ɗaure ni a inda ba ni da bakin yi maka gardama. Kwana biyu ina zagaya ɗaki ina neman cike giɓin da kaina. Na gwada hanya bakwai, duk ba su zauna ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya sa alherin da ka yi a ɓoye ya tarbe ka. Inna, da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. 'Yan takarda da 'yan kunne, rashin namu ne duka.

Na gaya wa masu zaure kada su soke. Gobe da safe zan ɗauki gogen da ka ara mini in tafi gidan Mai Jita, ni zan fara yin sallama, ni zan ba da haƙuri. Ko zai buɗe ƙofa, Allah masani. Kai kuwa na yafe maka duniya da lahira, har da wannan.