Ƙarshen Labarin da Hindatu Ta Bar Min Ajiya

Talatar makon jiya, bayan sallar la'asar, ina zaune a bakin gidana a Ƙofar Dundaye ina jin haushin garin nan kamar yadda na saba. Haushin ya tsufa tare da ni. Adabi na karanta a jami'a, na koyar da shi har na yi ritaya, ban kuma taɓa haɗuwa da dattijon da ya ɗauki rubuta ƙagaggen labari a bakin aiki ba. Muna alfahari da alƙalamin magabata, amma ranar da ɗanmu ya ɗauki nasa sai a ce ya rasa abin yi. Ina cikin haka wata yarinya ta sauko daga kabu-kabu, ta durƙusa gabana. Rahila ce, ƙawar Hindatu ɗiyar ƙanwata, ajinsu ɗaya. Ta ce, "Kawu, mota ta buge Hindatu wajen Kwalkwalawa, fitowarta ke nan daga jarrabawa. Hindatu ta rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Rahila wajena ta fara zuwa domin ta san wayar Hindatu tana hannuna. Dalilin haka shi ne abin da nake son masu makoki su ji.

Hindatu tana shekarar ƙarshe ne a karatun harhaɗa magunguna, kamar yadda mahaifinta, Malam Sahabi, ya so. Amma akwai wani fim mai dogon zango da aka fassara zuwa Hausa, wanda matan unguwa ba sa bari ya wuce su. Masu fim ɗin sun kashe wani bawan Allah a ciki, direban gida, mai haƙuri. Hindatu ta ƙi yarda da mutuwarsa. Ta ɗauko shi daga inda suka yar da shi, ta ci gaba da rubuta rayuwarsa babi bayan babi, tana turawa wani zaure na waya inda mata da 'yan mata ke jira.

Ranar da ta fara nuna min, na taɓe baki. Na ce, "Wannan ai rigar aro ce." Ta yi dariya ta ce, "Yadin na aro ne, Kawu, ɗinkin kau nawa na." Na karanta don in kama ta da kuskure. Na kama ta da yawa, na kuma ga ta iya sa mutum ya yi magana kamar mai numfashi, abin da na shekara ina koyarwa ban iya ba. Daga nan kowane babi sai ya biyo ta hannuna. Ina faɗa, tana gyarawa, tana ce min, "Kawu, wanga faɗa naka ko a kasuwa ya yi tsada."

Ba ta taɓa barin mai karatunta babu amsa ba, har masu zagi. Wata ta rubuto mata cewa tana jinyar uwarta a asibiti, labarin ne kawai ke ɗebe mata kewa. Hindatu ta riƙa tura mata babin tun kafin kowa ya gani.

Shekarar da ta faɗi darasi ɗaya, mahaifinta ya ɗora laifin kan labarin. Ita kuwa ta ce masa, "Baba, labari bai kada ni ba, ni na kada kaina." Tun daga lokacin ta kafa wa kanta doka. Jarrabawa na ƙaratowa za ta naɗe wayarta cikin ɗankwali ta kawo min, ba za ta karɓa ba sai ta fito daga takarda ta ƙarshe. Ba ta sake faɗuwa ba.

Zuwanta na ƙarshe, ta ajiye ƙunshin a kan tabarmata ta ce, "Kawu, na gama labarin. Ƙarshen na ciki, ba wanda ya gani. Kada ka leƙa. In na hito, kai za ka fara karantawa." Wayar ba ta da makulli. Ban leƙa ba, amana ce. Takarda ɗaya ta rage mata ranar da ta rasu.

Bayan sadakar uku Malam Sahabi ya zo da kansa. Ya rame. Ya ce, "Malam, ka ba ni wayar. Ina tsoron wanga abu ya bi ta kabari. Ƙarya ce aka tsara, mutane na karantawa, ita kau ba ta da bakin neman gafara yanzu." Na ce masa na karanta kowane babi, babu batsa, babu saɓo, labarin mai haƙuri ne da aka zalunta. Na roƙe shi ya bar ni in karanta ƙarshen kawai, ni kaɗai. Hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Ɗiyata ce. Ni za a tambaya." Na miƙa masa ƙunshin da ɗankwalin. Washegari ya kai wa mai gyaran waya a Sama Road, aka goge komai.

Ban riƙe shi a zuciya ba. Uba ne da ya binne ɗiyarsa, yana neman abin da zai iya yi mata. Garin da ya koya masa wannan tsoro ne ban yafe wa ba.

Allah Ya jiƙan Hindatu, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ɗebe kewar da ta yi wa mutane ya zama nauyi a mizaninta. Allah Ya ba mahaifinta da mahaifiyarta haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Rahila da ta ɗauko mummunan labari da ƙafarta. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu.

Rahila ta ce har yanzu ana tambaya a zauren yaushe babin ƙarshe zai fito. Hindatu ba ta karɓi digirinta ba. Ƙarshen labarin kuwa ta rubuta shi, ya kwana a ɗakina, ba wanda ya karanta.