Abin da Fulgencio Yake Leƙawa

Duk zamansu a bakin kogin Dulce, abu ɗaya ne yake ƙona wa Zenaida rai game da mijinta Fulgencio. Da ya tayar da injin dizal na jirgin ruwansu mai tafiya da iska, sai ya juya mata baya ya leƙa ruwa ta bayan jirgin, ko da tana tsakiyar magana.

"Kifi ya fi ni daɗin hira ke nan?" takan ce. Shi kuwa sai murmushi, abin ya ƙara tunzura ta.

Da ya rasu ta ƙi sayar da jirgin. Ta koyi duba baƙin mai da canza matatar dizal. Ran da ta fara fita ita kaɗai, ba ta yi nisa ba injin ya ɗau zafi, ƙauri ya tashi. Anacleto, abokin marigayin, shi ya jawo ta gaɓa, ya zaro ciyawar da ta toshe hanyar ruwan da yake sanyaya injin.

"Uwargida, ba ki leƙa baya ba?" ya ce. "In kin tayar, ki tabbata salansa tana tofar da ruwa. In babu, maza ki kashe."

Zenaida ta ce, "Shi Fulgencio bakinsa ciwo yake yi da bai faɗa mini ba?"

Yanzu ita ma takan leƙa. Ruwan yana fita lafiya, amma sai ta daɗe a sunkuye, tana ƙarasa wa Fulgencio maganar da ya katse.