Shaidar Habi Mai Kitso

Duk Goronyo babu wanda bai san Habi mai kitso ba, don ko ba ka gan ta ba, ka ji ta. Mijinta ya rasu da wuri, ta komo gidan yayanta Lauwali, ta ce ita da aure sun yi sallama. Kitson amare da lallensu ne sana'arta. Baki kuwa, kyauta take ba da shi.

Zamanin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, anka kawo wani helma, shugaban masu aikin hanya, Filibus, ɗan Katolika daga kudancin Zariya, Lauwali ya ba shi ɗaki. Damina na faɗuwa sai ga budurwarsa Sisiliya ta biyo motar kaya. Su kuwa limaminsu, wanda suke ce ma Fada, shi ke ɗaura masu aure, ga ruwa ya yanke hanya. Sai ya aiko da takarda: tunda za a fi wata bai iso ba, dokarsu ta yarda su ɗaura da kansu gaban shaidu biyu.

Lauwali ya ce wanga ai mai sauƙi ne. Ya tara maza a zaure, ya tsaya waliyyin amarya, anka raba goro anka watse. Filibus kunyar mai gida ta hana shi faɗin cewa ba haka dokarsu ta ce ba. Amarya tana can ƙuryar ɗaki, ƙafa cikin lalle. Da la'asar ango ya zo har bakin ƙofa, ya kama hannunta gaban Habi da tsohuwar gidan, Kaka, kowannensu ya faɗi cewa ya karɓi ɗan'uwansa har mutuwa. Habi ta riƙe haɓa.

"Yau na ga rashin kunya! Amarya da bakinta?"

Wata bakwai anka yi, zazzaɓi ya ɗauke Filibus. Sisiliya ta haihu namiji bayansa. Danginsa sunka aiko cewa sai sun ga takardar aure daga Fada, in babu, ba su san ta ba, ba su san ɗa ba. Da anka ji Fada ya sauka Sakkwato, Lauwali ya naɗa rawani ya tafi ba da shaida. Fada ya tambaye shi ko amarya ta amsa da bakinta a gabansu.

"Subhanallahi! Mu nan ba mu fito da amarya zaure."

Shi ke nan, ya kashe magana da kansa, yana ganin yabo ya yi. Fada ya ce a dokarsu ango da amarya ke ɗaura aurensu, in ba a ji su ba, babu aure.

Da labari ya iso gida, Sisiliya ta dubi Habi. "Inna, ai gabanku munka faɗa."

Lauwali ya ce, "Shaidar mata ga aure? Kada ku kunyata mu cikin birni."

"Yaya, mi ya rage na kunya? Ɗan da na yanke ma cibiya za a ce ma shege ina da rai? Wallahi sai na ga Fadan ga da idona."

Ta ari jaki ta aza Kaka, don tsohuwa ba ta iya taka ƙasa. Sisiliya ta goya jinjiri. Sunka kwana Wurno, sunka kwana Achida, ƙafar Habi ta tsage, ta ƙulle da tsumma ta ci gaba. Kaka na ta mita za a kashe ta a hanya, Habi na ce mata ta mutu bayan ta yi shaida.

A Sakkwato sun iske Fada ana ɗaure masa kaya zai tafi. Habi ta zauna bisa akwatinsa ta ce ba inda za shi. Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi rana, ya tambayi wurin da kowa ya tsaya. Habi ta maimaita maganar amarya tsaf, har da rawar muryar. Ita Kaka abin da ta fi riƙewa shi ne lallen da ya zube.

"Amma fa mu mata ne, kuma Musulmi," in ji Habi, don ba ta son a ce ta yi ɓoyo.

Fada ya ce doka shaidu biyu masu hankali ta nema, ba ta tambayi ko su wane ne ba. Ya rubuta, sunka dangwala yatsa. Habi ta ce ita ba ta san boko ba, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ya karanta: "Sisiliya, matar marigayi Filibus."

Tun ranar rasuwa ba a ga hawayen yarinyar ba. Nan ta sulale ƙasa ta fashe da kuka. Habi ta kwance jinjirin daga bayanta ta goya.

"Ku bar ta," ta ce. "Mijinta take ma kuka."