Maman Marta tana ɗakin ƙanƙara, cocinta na shirin biki

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune ina hura gawayi. 'Yata Rakiya ce ta kira daga Djougou. Ta ce, "Inna, Maman Marta ta rasu."

Na ce yaushe za a kai ta, in je tasha in nemi mota.

Ta ce, "Tun makon jiya ne, Inna. Tana morg, ɗakin ƙanƙara na asibiti. Mu ma sai jiya muka ji."



Waɗanda ba su san ta ba, Maman Marta ita ce ta koya mini karatu. Kowane harafi da kuke gani a nan, ita ta sa shi a hannuna, lokacin ina da 'ya'ya har sun fara lakol, wato makarantar boko. Tsoro ne ya kai ni. Duk sanda aka ba ni maganin yaro a asibiti sai in yi ta yawo da kwalbar ina neman mai duba mini, in dawo ban yarda da abin da aka faɗa ba, in sake neman wani.

Lokacin muna zaune a Djougou. A rumfar bayan cocin Katolika na hanyar Sérou take koyarwa. Bakinta da kaifi. Ranar farko ta dubi allona ta ce, "Zainabu, wannan b ce, ko kaza ce ta taka miki?" Ta ce ina riƙe alli kamar muciya. Na yi fushi na yi mako ban je ba, ta biyo ni har gida da allon a ƙarƙashin hammata.

Akwai buta da tabarma da take ajiyewa a bayan rumfar saboda mu. Da an kira la'asar za ta ce, "Ku tashi, Mai ku na kira, a b c ba ya gudu." Matan cocin sun yi ta yi mata gori a kan butar nan. Suna cewa har yanzu ƙafarta ɗaya tana masallaci.

Don asalinta tamu ce. Hawa sunanta, 'yar gidan fataken goro a cikin Djougou. Ta auri katekist na farko na wurin, mai koyar da addininsu, ta bi shi, aka yi mata baftisma ta koma Marta.

Lokacin babu coci. Ɗorawa ce da 'yar bukka, da ƙarfen tayar tsohuwar mota da aka rataye a reshe ana bugawa a madadin ƙararrawa. Ita ke bugawa. Da aka tashi gini, ita da matan ƙabilar Yom na ƙauyukan suka yi ta ɗauko jan dutse a ka. Ta taɓa cire kallabi ta nuna mini tsakiyar kanta inda gashi bai sake fitowa ba. Ta ce, "Ga nawa ginshiƙin."

Duk wanda ya mutu a paruwas ɗin, wato cikin jama'ar cocin, ko jariri ne, sai an kaɗa masa ƙararrawa unguwa ta ji. Al'adarsu ke nan tun zamanin ƙarfen taya. Marta ta kaɗa wa mutane har kafaɗarta ta gaji.

Ita ba a kaɗa mata ba.

Dalili kuwa, ran Lahadi mai zuwa cocin na bikin cika shekaru da kafuwa. An yi fenti, an buga zane mai hoton ginin, 'yan koral, mawaƙan cocin, suna ta gwaji. Aka ga in labarin mutuwa ya fita zai ɓata shiri, sai aka rufe baki.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu aka ce ta fita daga gidan katekist, sabo zai shiga da iyalinsa. Ta kwashe tukwanenta ta koma wani ɗaki a ƙarshen gari. Maƙwabciya ce ta ɗora ta a babur ta kai ta asibiti, a can ta cika.

Asibiti sun ce ba sa ba da gawa sai ga dangi ko coci. Don haka na kira ƙanenta, Alhajin da ke riƙe da gidansu yanzu.

Na ce, "Alhaji, barka da hantsi. Zainabu ce, matar marigayi Idrisu mai goro. Yayarka Hawa ta rasu."

Ya ce, "Wace Hawa?"

Na ce, "Yayarka, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce, "Tamu ta mutu tun ina yaro, Hajiya. Babanmu ya shimfiɗa tabarma a zaure ya karɓi gaisuwa, ni na raba goro. Ba a yi wa mutum makoki sau biyu. Ki gaida yara."

Ya kashe waya.

Na kira shugabar matan cocin, wadda suke ce wa Madam Prezidant. Ta ce, "Ah, Maman Rita, ina kwana." Rita shi ne sunan da suka ba Rakiyata. Ta san ba na so, kullum da shi take kirana.

Na ce, "Madam, don Allah ku ɗauke ta a binne. Ko da safe ne kafin mutane su taru, ba sai an yi taro ba."

Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Ku kullum gaggawa, kamar ana korar ku. Monsenyo, babban limaminmu, zai zo, an yi fenti, mu shigo da gawa? A morg me zai same ta, ai sanyi ne. Bayan biki komiti zai zauna. Maman Marta ta saba haƙuri."

Limamin cocin na yanzu, da suke ce wa Mompe, bai daɗe da zuwa ba. Da Rakiya ta same shi jiya ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce, "Wace ce Marta a cikin tsofaffin?"

Na sani a wurinsu ajiye gawa ba wulaƙanci ba ne. Ana ajiye tsoho har 'ya'yansa su iso daga Cotonou, a ɗinka kaya, a raka shi da waƙa. To Marta wa ake jira?

Haɗuwarmu ta ƙarshe, bayan ƙaramar Sallah ce. Na tashi daga Ladjifarani, inda nake zaune yanzu, na kai mata goro, don ba ta taɓa barin ci ba. Ta ɓare shi da babban yatsa yadda 'yan gidansu suke yi, ta shinshina, ta ce wannan ya sha hanya, an cuce ni.

Sai ta ce, "Kira ni da sunana."

Na ce, "Yaya Hawa."

Ta rufe ido ta daɗe. Ta ce, "Zainabu, na bar sallah, na bar azumi, na bar gidanmu, kuma ban yi nadama ba. Yesu bai taɓa cutata ba. Abu ɗaya na kasa bari. Uwata ta rasu da hantsi, kafin la'asar tana ƙasa. Kada ki bari su sa ni a firiji kamar kifi." Ta yi dariya har da tari. "Ni ko fanka ba na so."

Na ce in Allah ya yarda ba za a yi ba.

Wasu a Djougou har yau suna cewa ita ta sace mini 'ya da allonta. Ku ji gaskiya. Ranar da Rakiya ta ce za ta auri ɗan cocin nan, Marta ce ta zaunar da ita a gabana ta ce, "Dube ni da kyau kafin ki shigo. Can za su rufe ƙofa, nan kuma ba za su buɗe duka ba." Rakiya ta duba, ta shiga. Baffanninta sun daina amsa gaisuwarta tun daga ranar.

Da safen nan kafin Rakiya ta ajiye waya ta ce, "Inna, ni ma haka za a yi mini?"

Na ce mata ta jira, amsa na nan tafe. Ran Lahadi za ta ɗaura zanen bikin ta tsaya cikin koral, don in ba ta je ba surukarta za ta ji.

Na kasa fitar da Marta. Na sayi farin yadi da turare, da azahar zan shiga mota, zan zauna a bencin ƙofar morg har ranar da komiti ya ga dama. Su yi bikinsu. Duk mai shiga asibitin da ya tambaye ni wa nake jira, zan faɗa masa sunanta duka biyu.

Ke kuma Rakiya, ga amsarki, a rubuce, inda baffanninki da matan cocinki za su gani. In Allah ya sa kin riga ni, ni ce danginki. Ni zan je in karɓe ki, ni zan wanke ki da hannuna, kuma rana ba za ta faɗi ba sai kina ƙasa. In na riga ki, na ɗora wa ƙannenki wannan, kuma ban yafe wa wanda ya ƙi ba.

Wanda zai zo ƙarƙashin rubutun nan ya koya mini wa ake yi wa addu'a, ya wuce kawai. Yau ba ni da ƙarfinsa.

Ya Allah, kai ka halicci Hawa, kai ka san Marta. Ka ga dutsen da ta ɗauka, ka ga butar da ta cika mana. Ka lulluɓe ta da rahamarka, ka sanyaya zuciyar masu riƙe da ita su sake ta ta kwanta.

Ku taya ni roƙo, kowa da yadda ya iya. Ku roƙa a fitar da ita daga sanyin nan da wuri.