Fayil ɗin da Ba Wanda Ya Taɓa

Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin kwamfuta na kamfanin, wani ɗan akurki ƙarƙashin matakala, mai fanka ɗaya da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Ba-Komai ake ce masa, domin ko taka shi ka yi abin da zai ce ke nan. Bai taɓa makara ba, bai taɓa musu da kowa ba, kuma in gaskiya za a faɗa, bai taɓa burge kowa ba. Burinsa ɗaya ne: wata mai kamawa ya yi ritaya, a ciro fayil ɗinsa, a rubuta masa takardar sallama mai hatimi da ta lissafa shekarunsa. Matarsa har ta sayi firam tana jira.

Aikinsa ajiyar bayanai. Manhajar da yake aiki da ita mataki biyu gare ta. Ƙarshen mako ta ɗauki cikakken kwafi na komai, sauran ranaku kuma ƙari kawai, wato fayilolin da aka taɓa tun jiya. Shi ƙarin nan rufi ne, ba ya tsayawa sai da bango.

Shekara shida da suka wuce manaja ya leƙo ɗakin yana huci.

"Me ke sa kwamfutata nawa duk ƙarshen mako?"

"Cikakken kwafi ne, yallaɓai."

"Kashe shi. Abin da aka riga aka kwafe, kwafe shi kuma na mene ne?"

"Ba komai, yallaɓai."

Ya san ganganci ne, ransa ya ɓaci, amma ya kashe. Ya lallashi kansa da cewa ai cikakken kwafin ƙarshe yana nan a faifai. Da faifan ya cika, sau uku ya rubuta takarda yana neman sabo, sau uku aka ce ya yi maneji. Sai manhajar ta tambaye shi ko a share mafi tsufa, wato cikakken kwafin nan, don a sami wuri. Mutumin da bai iya ce wa ɗan Adam a'a ba, na'ura zai ce wa? Ya danna "eh", ya tafi gida.

Saura kwana goma sha ɗaya ya ajiye aiki, babbar kwamfutar ta yi tari sau biyu da safe, ta saki warin ƙonanniyar roba, ta ce ga garinku nan. Kwana biyu ya yi yana dawo da ajiya, gumi na ɗiga a kan madannai. Abin da aka taɓa a 'yan shekarun nan duk ya dawo, sauran kuwa sai dai a yi haƙuri.

Aka ga abin mamaki a sashen ma'aikata. Direban da ya daki katanga sau biyu ya dawo cikin kwamfuta da fayil mai ƙiba. Ɗan ƙanwar manaja, wanda aka ƙara wa girma sau uku bai san inda teburinsa yake ba, shi ma ya dawo lafiya. Duk wani mai rigima da malalaci da ɗan lele ya tsira.

Madam shugabar sashen ta kira Ba-Komai, ta gyara tabarau.

"Baba, ban ga naka ba."

"Na takarda fa, Madam?"

"Ai an zubar da su tun da aka shigar da su kwamfuta. Kai ma ka taya ɗauka." Ta dube shi da tausayi. "A shekarun nan ba a taɓa ba ka takardar gargaɗi ba?"

"A'a."

"Ƙarin girma? Ko hutun rashin lafiya ma?"

Ya girgiza kai. Kunya ta rufe shi kamar wanda aka kama da sata.

"To, a rubuce dai ba mu da kai, kuma ba a sallamar wanda ba a ɗauka ba." Ta jawo durowa, ta miƙa masa fom ɗin sabon ma'aikaci da biro.

Ya cika sunansa da adireshinsa a hankali. Da ya zo layin ranar fara aiki, ya ɗaga kai.

"Sa yau, Baba," in ji Madam.