Tozon Moton Agali

Jama'a, wanga abu da zan ba ku labari ba jita-jita ba ce, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. Shekarar da fari ya sake dawo mana ne, lokacin sojoji ke riƙe da ƙasa, ina ɗan makanike a Tawa, da rumfata ta kwano kusa da tashar motocin arewa. Aiki ya yi sanyi, don wanda ba ya da gero a gida ba zai kawo maka moto, wato babur, gyara ba, sai mu yini muna shan shayi muna kallon mutanen daji suna shigowa gari da jakuna.

Cikin wannan zaman banzan na ji labarin wata tsohuwar moto a Takanamat, ta wani Buzu mai haƙar rijiyoyi da ake kira Agali, wanda ya rasu shekara uku kafin nan. Na tafi na iske ta jingine bayan rumbu, kaji sun mai da ita gida, tayoyi sun tsattsage, tanki duk tsatsa. Matarsa, Inna Raki, wata tsohuwa ce siririya marar yawan magana. Ta dube ni ta dubi moton, ta ce in ɗauka ta ba ni, amma da sharaɗi guda. "Ɗana, mai ita bai taɓa wuce mai tahiya ƙasa ba. Kai ma kak ka wuce." Na ce to Inna, na ji. Gaskiya da baki kawai na amsa, hankalina yana kan injin.

Wata huɗu ina fama da ita. Na kwance komai har ƙusa ta ƙarshe, na wanke tanki da tsakuwa da kananzir ina girgizawa har hannuna ya yi kanta, na samo buji, wato fulogi, da zoben fistan wurin wani mai kayan gwanjo, tayoyi kuwa wani direban Ƙonni ya kawo mini. Ranar da ta fara tashi, duk 'yan tasha suka taru, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa don murna.

To da na tsaya nan da shi ke nan, amma ƙuruciya ba ta bari. Akwai wata takardar hotuna ta Turawa da aka nannaɗo mini kayan gyara a ciki, na ga wata moto a jiki, an cire mata duk wani tarkace, hannuwan tuƙi sun yi ƙasa, mai tuƙi ya kwanta kan tanki, sirdi na mutum ɗaya tak da wani ɗan tudu a bayansa. Kai, abin ya shiga raina. Na lanƙwasa ƙarfen tuƙin ya yi ƙasa, na rage murfin taya, na goge tanki har yana ɗaukar ido. Sannan na kama dogon sirdin Agali, wanda ke ɗaukar mutum biyu har da buhu, na cire na jefa saman rumfa. Na raba wata tsohuwar tasa biyu, na yi mata walda a bayan wurin zamana, na kai wa dukawa suka rufe ta da jar fata. Mutane suka sa mata suna Mai Tozo. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce mini, "To kai, in ka iske mahaifiyarka bisa hanya, ina za ka aza ta?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ba a yi sati biyu ba, da hantsi, wani direba ya sauko daga Tebaram ya ce mini yayana Mamadu ya ɓace. Shi ne ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya sayar da ɗan marakinsa ya kawo ni koyon aiki. Ya kora sauran shanunmu huɗu arewa tare da wasu makiyaya neman ruwa, saniya ɗaya ta ɓalle, ya bi ta, abokan tafiyar suka jira suka gaji suka dawo. Yau kwana biyu ke nan, kuma bazara ce, wadda in ka kwana biyu ba ruwa, na ukun ba naka ba ne. Na cika tanki da esansi, na ɗaure salkar ruwa a gefe, na tashi.

A Tebaram makiyayan suka kwatanta mini inda suka rabu, suka ce in na wuce wani fako hanya za ta rabu biyu, in bi dama. Na kama hanya. Rana ta take, ba tsuntsu ba akuya, sai gawarwakin shanu nan da can. Ina isa mararrabar, na karkata dama, sai na ji bayan moton ya nutse, irin yadda yake yi in babban mutum ya hau. Kafin in yi tunani sai na ji hannu a kafaɗata ta hagu, ya danna, ba da ƙarfi ba. La'ilaha illallahu. Na waiga, ba kowa sai tozon nan ja da bai fi tafin hannu biyu ba. Na ce zafin rana ne, na ci gaba dama, sai injin ya fara tari yana neman mutuwa, hannun kuma ya sake dannawa. Na juya hagu, injin ya washe.

Kada ku ce jarumtaka ce ta sa na bi. Tsoro ya cika ni, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta cin abinci. Amma na lura duk inda hannun ya danna na bi, ƙasar tana da tauri, taya ba ta nutsewa, wanda ke bayana ya san dajin nan fiye da makiyayan. Hagu, dama, hagu kuma, muka yi ta tafiya na fi awa guda, ba hanya ba sawu. Can sai na ji an riƙe kafaɗuna duka biyu an matsa, na taka birki.

Wata tsohuwar rijiya ce a gabana, bakinta na siminti, ta ƙafe tuntuni, da wata aduwa a gefe. Ƙarƙashin aduwar ga Yaya Mamadu kwance, leɓunansa sun fashe, idanu sun faɗa. Na diro na fara ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan, ina jiƙa rawaninsa ina shafa masa, ina kuka kamar yaro, har ya buɗe ido ya gane ni.

Sai da na ɗaga shi na tuna ba ni da inda zan aza shi. Na tsaya ina kallon tozon nan da na kwashe kwanaki ina yi wa ado, maganar mai goro da ta Inna Raki suka dawo mini, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗauki dutse na hau dukansa, waldata ce kuma na yi ta da kyau, sai da yatsana ya fashe kafin ya ɓalle. Na naɗe rigata na shimfiɗa kan ƙarfen, na zaunar da Yaya, na ɗaure shi a bayana da rawaninsa, muka biyo sawun tayata. Abin da na gani a sawun shi ne na zuwa ya nutse daidai da na komawa, alhali ni kaɗai na zo.

Mun kusa Tebaram ya matso da bakinsa kusa da kunnena, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanena, dattijon nan da ya sauka ya ba ni wuri, mi za ya hau ya koma gida?" Na ce wane dattijo, Yaya? Ya ce mai baƙin rawani mana, wanda ka goyo. Na ƙara wuta kawai.

Allah ya tashi kafaɗar Yaya, shanu dai sun tafi, amma damina ta gaba ruwa ya sauka, muka sake farawa da tumaki biyu, yanzu jikokinsa sun cika gida. Da ya warke na je Takanamat na zayyana wa Inna Raki komai, ina jiran ta firgita. Ko gezau. Ta ce shekarunsa na ƙarshe idon Agali ya mutu, sai ya riƙa zama a baya wani yana tuƙa shi, shi kuma yana nuna hanya da kafaɗa, don ba ya son ɗaga murya. Na ce to Inna, can na baro shi bakin rijiya. Ta ce, "Bar shi, ɗana, shi ya gina ta. Ya san hanya."

Ni dai ban san abin da ya hau bayana ba, malamai ma kowa da abin da ya ce mini, na bar wa Allah saninsa. Ina komawa Tawa na hau saman rumfa na sauko da dogon sirdin, na kai aka yi masa sabuwar jar fata, na mayar. Hannuwan tuƙin na bar su ƙasa yadda nake so, na yi shekara goma sha ina hawanta, ban sake wuce mai tafiya ƙasa ba, kuma har yau in na zo mararraba a daji sai na ji kafaɗata ta hagu tana jira.

Ku samari masu yanke-yanken moto, ku yi adonku, ku goge tanki, ku sauke hannuwa yadda kuke so, ba wanda ya hana ku. Amma don Allah ku bar wurin mutum ɗaya a baya.